Kurman da Ke Amsa Gaisuwa

Tun rasuwar babanku nake jin labarin shekarar ƙarar nan yana yawo a bakinku, kowa da irin nasa. Binta tana cewa wani babban soja ne ya sa baki aka duba mu. Nasiru kuwa ya taɓa faɗa a gabana, yana dariya, wai ni na je na tona wa Baba asiri a gaban sojoji har ya yi damina guda ba ya kula ni. Babu wani babba da ya sa baki, don ba mu san kowa ba. Fushi kam an yi shi, amma bai kai damina ba, kuma babu wanda ya san abin da ya kashe fushin a cikinku. To ku saurara daga bakin wadda aka yi a gabanta, don ban yarda in bi shi in bar ku da rabin labari ba.

Babanku ya dawo daga aikin soja da ƙafafunsa biyu da hannuwansa biyu, shi ya sa duk ƙauyenmu, nan kusa da Makoda, aka ce Kofur ya dawo lafiya. Kunnuwansa ne ba su dawo ba. A ɓangaren igwa ya yi aiki, manyan bindigogin nan da ake ja da mota, kuma shekara da shekaru yana tsaye a gindinsu ana harbawa. Ni na fara ganewa. Sai in yi sallama da kwanon tuwo ta bayansa, ba zai juyo ba har sai inuwata ta faɗo a kan tabarma. Da na matsa masa da tambaya, ya ce yana jin murya, amma kamar ana magana a cikin tulu: ya san an fara, ya san an tsaya, kalmomin ne ba sa isowa. Idan yana kallon bakin mutum yakan tsinci abin da ya tsinta. Daga nan ya kafa mini doka, fuskarsa a murtuke irin ta bariki.

"Daga ni sai ke sai Allah. Ba na so a riƙa yi mini ihu a kasuwa."

Na ce na ji, na kuma riƙe. Abin da ya rufa masa asiri kuwa gaisuwarmu ce. Kun san ba ta sauya hanya: ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya aiki, sai a rufe da madalla. Babanku ya haddace ta kamar yadda ya haddace fareti. Da ya ji gunjin murya ya tsaya, sai ya jefa "lafiya lau." Wani gunjin ya tsaya, "ba gajiya." Na uku, "lafiya ƙalau, alhamdulillahi." Na huɗu, "madalla, mun gode Allah." Ko ta bayansa ka ɓullo, ko daga kan keke ka ɗaga murya, amsarka tana nan daidai. In an wuce gaisuwa sai ya yi shiru yana gyaɗa kai, mutane kuwa suka ce aikin soja ya mai da Kofur mai zurfin ciki. Har ta kai ana kawo masa rigimar iyakar gona a gindin darbejiyar ƙofar gidanmu, wai shi kaɗai ne a garin nan yake barin mutum ya kai ƙarshen maganarsa bai katse shi ba. Yaya zai katse abin da bai ji ba? Ni ce nake jiyo kan rigimar tun daga bakin matan gidajen, in zaunar da shi in faɗa masa a hankali yana kallon bakina, shi kuma ya fita ya yanke hukunci ana jinjina masa. Ina daga soro ina danne dariya, ina kuma jin daɗi, don hukuncin nasa na gaskiya ne.

Ni ma na ci ribar kurumtar nan, kuma yau ne za ku fara ji. Kun san tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa kama sunan babanku a gaban kowa ba. Malam nake cewa, in kuma ina tsokana in ce Kofur. Har maƙwabcinmu mai irin sunansa sai da na laƙaba masa wani. To da na tabbatar kalma ba ta shiga kunnensa, sai na tsiri wani abu. Kowace safiya in na kawo koko ta bayansa, sai in gaishe shi da sunansa na yanka, gatsal, ba Malam ba Kofur. Shi kuma ya ce "lafiya lau." Ranar farko gabana har faɗuwa yake yi. Daga baya abin ya zame mini kamar gishirin safiyar, in ban faɗa ba sai in ji ranar ba ta fara ba.

A haka muke har shekarar da wani ɗan acaɓa ya kusa kwashe shi a hanyar kasuwa. Yaron ya yi ta danna oda, babanku yana tafe tsakiyar hanya ko a jikinsa, sai da babur ya shiga gonar dawa da shi da fasinjansa. A makon ne Sajan Ilu ya zo daga Bagwai. Abokin aikinsa ne, tare suka yi zaman igwa, mutum mai kirki amma bakinsa ba ya riƙe magana ko ta minti ɗaya. Shi ya kawo labarin cewa ana duba tsofaffin sojojin da suka sami nakasa a bakin aiki, a ba su haƙƙinsu, mai matsalar kunne kuma har da na'urar ji. Babanku ya so ya noƙe, amma abin da ya faru a hanyar kasuwa ya girgiza shi. Ya bi Sajan birni a kan cewa ɗan ciwon kunne ne kawai. Aka sa masa wani abu a kunnuwa, aka ce in ya ji ƙara ya danna maɓalli, ya zauna kusan bai danna komai ba. Da aka gama, likitan ya juya baya yana wanke hannu, ya gaishe shi da Hausa kamar yadda kowane ɗan mutunci zai gai da dattijo. Babanku kuwa ya jero masa amsa tun daga lafiya lau har madalla, bai yi tuntuɓe ko ɗaya ba.

Da amsa ta zo, Sajan ne ya karanta, ya zauna dab da fuskar babanku yana fassara masa a hankali. An ƙi. Dalili kuwa, wai yana ji sarai, yana dai nuna ba ya ji. Ni ban ga laifin likitan ba har yau. Ka juya wa mutum baya ka yi masa tambaya huɗu ya amsa duka, me za ka rubuta? Amma babanku sai da ya sa aka maimaita masa wurin. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi.

"Wato maƙaryaci ne ni."

"Ba haka suka rubuta ba, Kofur," in ji Sajan.

"Haka suke nufi. Na ba su kunnena, sun ba ni sunan maƙaryaci. Su riƙe abinsu, ba na so. Amma wannan kalmar sai an goge ta."

Ku riƙe wannan da kyau, don shi ne abin da kuka fi kuskurewa. Ba abin da za a ba shi ne ya kai babanku ɗaukaka ƙara ba. Gonarmu ta gero da gyaɗa tana ciyar da mu. Sunansa ya je karɓowa. Sajan ya zauna a soro ya zayyana mana yadda ake yi, yana magana yana kaɗa hula don zumuɗi.

"Ba kotun alƙali ba ce, Hajiya. Mutum uku ne za su zauna, kuma babu wanda ya duba shi da farko a cikinsu. Da tsohon hafsa, da likitan kunne, da lauya. Tambaya biyu suke bi. Ta ɗaya, ciwon gaskiya ne? Ta biyu, a bakin aiki aka same shi? Ta biyun ku bar mini, ni na tsaya kusa da shi a gindin igwa. Ta farkon ce ke neman wanda yake kwana yake tashi da shi."

Ya dube ni. Babanku bai ji kalmomin ba, amma ya ga inda ido ya nufa.

"Ba za ta je ba."

Na matsa inda zai ga bakina sosai na ce, "Zan je, Malam. In ka hana ni mota, zan taka."

Ku da kuka san ni da tsufa ba za ku gane irin ɗokin da na yi ba. Ni da iyakata birni biki ko asibiti, yau ga ni za ni bariki in ba da shaida a gaban hafsoshi. Lokacin kaka ne, ana ta cirar gyaɗa, amma na bar wa yara aikin na koma gyaran kaina. Na fito da atamfar da nake ajiya, na sa aka yi mini lalle, na yi ta gwada maganar da zan faɗa a gaban akuyoyi. Maƙwabta suka ɗauka aure za mu kai. A mota daga Makoda ban iya zama sosai ba, duk garin da muka wuce sai na tambayi Sajan ko mun kusa. Babanku yana gefen taga cikin farar riga, ya goge takalmansa har suna ɗaukar ido, ƙirji a gaba kamar zai karɓi lambar yabo. Abu ɗaya ya ce mini kafin mu shiga.

"Ki ce ina da ciwon kunne. Kada ki wuce nan."

Ɗakin ba wani babba ba ne. Dogon tebur, fanka tana juyawa, mutum uku a zaune. A tsakiya wani tsohon Kanar ne mai furfura, Hausarsa irin tamu. A damansa likitar kunne, mace, ba ta jin Hausa sosai, Kanar ne yake juya mata magana. A hagunsa lauya, matashi mai gilashi, yana ta rubutu. Suka fara da tambaya ta biyu. Sajan ya miƙe ya ƙame, ya kwararo bayani, da inda aka kai su, da irin bindigar, da yadda suke toshe kunne da tsumma in an sami tsumman. Lauya ya duba bayanan aikin babanku ya ga sun dace da abin da Sajan ya faɗa, ya gyaɗa kai. Raina ya yi fari, na ce rabin aiki ya ƙare. Sai Kanar ya sunkuyar da kai yana jujjuya takardu, bakinsa ma ba a gani, ya ce, "Kofur, ina kwana?" Babanku ya ce lafiya lau. Ina gajiya? Ba gajiya. Haka suka tafi har madalla. Na ga lauya ya ɗago ya dubi likita, likita ta ɗaga gira. Ramin da ya faɗa da farko, shi ya sake nufa da ƙafarsa, kuma bai ma sani ba, don zaune yake yana murmushin wanda ya yi abin kirki.

Kanar ya juyo gare ni.

"Hajiya, ke kike zaune da shi. Ga shi mun gaisa lafiya. Me za ki ce mana?"

Duk maganar da na gwada a gaban akuyoyi ta gudu. In na ce yana da ciwon kunne na tsaya, kamar yadda ya umarce ni, za mu koma gida da kalmar nan a wuyansa har kabari. In na wuce nan, na karya alkawarin da na riƙe tun dawowarsa, a gaban maza, a gaban Sajan mai bakin ganga. Na dubi babanku, yana kallon bakina. Sai na ja mayafi na rufe bakin.

"Ranka ya daɗe, ba ji yake yi ba, haddacewa ya yi. Ka tashi ka koma bayansa ka sake gaishe shi. Muryar ta zama ta gaisuwa, amma ka karkata maganar."

Kanar ya dube ni, sai na ga idonsa ya yi haske. Ya faɗa wa sauran biyun da Turanci, ya miƙe kamar zai buɗe taga, ya tsaya a bayan kujerar babanku.

"Kofur, ina kwana?"

"Lafiya lau."

"An ce shanu sun cinye maka gyaɗa kaf."

"Ba gajiya."

"Rumbunka ma ya kama da wuta."

"Lafiya ƙalau, alhamdulillahi."

"To gobe za mu mayar da kai bakin daga."

"Madalla, mun gode Allah."

Sajan ne ya fara fashewa, har da dukan cinya. Lauya ya kifa kai a kan tebur kafaɗunsa suna rawa. Da aka fassara wa likita ita ma ta rufe baki. Ni kaina, Allah ya gani, farin ciki ne ya cika ni har ina jin kamar in tashi in taka rawa, don na san mun ci. Sai na dubi babanku. Yana bin fuskokin da kallo ɗaya bayan ɗaya, ya waiga ya ga Kanar a bayansa, ya dawo da idonsa kan mayafin da na rufe baki da shi. Ya gane. Ban taɓa ganin irin wannan kallon a wurinsa ba, kuma ba na fatan ɗayanku ya gan shi a fuskar wanda yake so.

Kanar ya ɗaga hannu, dariya ta tsaya cak. Ya zagayo gaban babanku, ya durƙusa har fuskarsu ta daidaita, ya yi magana a hankali yadda zai karanta bakinsa.

"Kofur, ka yafe mana. Na zauna a kan ƙararraki da yawa. Mai yi mana ƙarya nunawa yake yi bai ji ba. Kai kuwa nunawa kake yi ka ji."

Likita ta ce abin da ta gani ya gamsar da ita a matsayinta na mutum, amma ba da shi kaɗai za su yanke hukunci ba. Ta sa a yi masa wani gwajin da ba ya buƙatar amsarsa, a liƙa masa wayoyi a kai ya kwanta, na'ura ta duba da kanta ko ƙara tana isa ciki. In sakamakon ya fito su ukun za su zauna su haɗa shi da shaidarmu. A ranar aka yi gwajin, aka sallame mu.

Daga nan na fara biyan abin da na saya. Fushin kurma ba shi da wahala, ido kawai zai kawar, shi ke nan ya rufe ƙofa. A mota taga ya kalla har gida. In na kawo abinci sai ya kalli kwano. In na zagayo gabansa zan yi magana sai ya dubi katanga. Sajan kuwa kafin kasuwa ta sake ci ya kai labarin har Gezawa, da muryar Kanar da ta babanku duk yana kwaikwayo. Ba da mugunta ya yi ba, alfahari yake yi an yi nasara. Amma abin da babanku ya guda shi ya same shi. Masu shago suka fara ɗaga masa murya. Matasa in ɗaya ya ce wa ɗaya an sace maka akuya, sai ɗayan ya ce ba gajiya, su kwashe da dariya. Masu rigimar gona suka daina zuwa gindin darbejiya, shi ma ya naɗe tabarmarsa ya shigo da ita. Wannan ya yi mini ciwo ƙwarai, kuma tabarmar ba ta sake komawa waje kamar da ba har ya bar duniya. Duk da haka ban daina gaisuwata ta safe ba. Ita kaɗai ce maganar da yake amsa mini, don ba ya sanin me na ce.

Ana gab da gama sussukar gero Sajan ya shigo a guje, bai ma kashe babur ba. Hukunci ya fito. Su ukun bakinsu ɗaya: nakasar gaskiya ce, a bakin aiki aka same ta, maganar cewa yana nuna ba ya ji kuma an soke ta daga bayanansa. Na rangaɗa guɗa a tsakar gida har kaji suka watse, na sake rangaɗa wata. Mata suka shigo suna tambaya ko haihuwa aka yi. Babanku ya sa Sajan ya maimaita masa wurin sokewar, ya shafa fuska, ya sa hularsa, ya ja shi ƙofar masallaci ya ce ya karanta wa jama'a bayan la'asar. Ni dai ko kallo ban samu ba, amma na dafa shinkafa da zabi, na aika gida gida.

Bayan ɗan lokaci aka kira shi birni aka sa masa na'urar, wani ɗan abu kamar ƙwayar gurjiya a bayan kowane kunne. Ya dawo da yamma yana yamutsa fuska, yana faɗa wa Sajan wai ashe duniya haka take da surutu, wai motar kamar za ta tsaga masa kai, wai tun yaushe ƙofar soro take wannan kukan ba a sa mata mai ba. Ni bai ce mini komai ba. Na kwanta da murna da ɗan ɓacin rai a haɗe.

Da safe na dama koko, na ɗauko kwano, na ɓullo ta bayansa yana zaune a kan buzu yana jan carbi. Abin da baki ya saba shekara da shekaru ba ya neman izini. Na manta sam da abin da ke bayan kunnensa.

"Ina kwana, Sule."

Ba a ce lafiya lau ba. Carbin ya tsaya. Ni ma na tsaya da kwano a hannu, ina jin kunya tana hawa tun daga tafin ƙafata, na rasa ko in ajiye ko in gudu ɗaki. Ya juyo a hankali, ya dube ni ido cikin ido, karo na farko tun ranar bariki.

"Tun yaushe?"

"Tun dawowarka, Malam."

"Kullum?"

"Kullum."

Sai na ga gefen bakinsa yana motsi.

"Ashe abin da nake ta ce wa lafiya lau ke nan." Ya matsa gefe a kan buzun, ya nuna mini wurin da ya bari. "Ajiye kwanon. Zagayo ta nan, wannan kunnen ya fi kamawa. Sake faɗa."